Yaya ake gane wayar ƙarfe marar tsatsa ta amana don ɗaurin jigon jirgin ruwa?

Sabon Matuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Jirgin da ke hannuna na shaƙatawa ne mai tafiya da filafilai, tsawonsa mita 10, jigonsa ɗaya, kuma yana zaune ne a ruwan gishiri mai ɗumi duk shekara. Wanda na saye shi a wurinsa bai san lokacin da aka sauya wayoyin da ke riƙe da jigon ba, babu kuma takardar da ta nuna. Da nake dubawa sai na ga wani jan layin tsatsa a daidai inda ɗaya daga cikin wayoyin gefe ta shiga kan ƙarfen da aka matse ta a ciki, kuma sili ɗaya ya tsinke a wurin har yana kama tsumma idan aka goga.

Wayar irin mai sili 19 ce, wadda ake rubutawa 1x19, kaurinta kuma wajen milimita 6. Na shiga neman sabuwa, sai na tarar kowane mai sayarwa yana rubuta cewa tasa lamba 316 ce kuma ta dace da teku, alhali tazarar da ke tsakanin farashinsu ta isa ta sa mutum shakka. Ta yaya zan tabbatar cewa abin da aka rubuta shi ne abin da za a aiko mini? Shin lamba 304 za ta wadatar, tunda wasu sun ce ta fi ƙarfi? An kuma gaya mini cewa idan maganaɗisu ya kama waya to jabu ce. A ƙarshe, wayar da ta lalace kaɗai zan sauya, ko duka?

Injiniyan Ƙarfe ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ɓangaren ƙarfen, in bar wa masu hawa jigo nasu.

Abin da ke kare irin wannan ƙarfe daga tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin 100. Idan kuromiyam ya haɗu da iskar oksijin sai ya samar da wata fata siririya ƙwarai a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani, kuma idan ta karce takan sake kanta muddin iska tana isa wurin. Gishirin teku yana ɗauke da kuloraid, shi kuma aikinsa huda wannan fata. A fili, inda iska take kaɗawa kuma ruwan sama yake wankewa, fatar tana gyara kanta. A cikin lungu kuwa, inda ruwan gishiri ya kwanta ba ya motsi kuma iskarsa ta ƙare, fatar ba ta dawowa, sai ƙarfen ya yi ta ciwa daga ciki ba tare da an gani ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ka ga tsatsar a bakin kan da aka matse, ba a tsakiyar wayar ba.

Lamba 304 tana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kimanin kashi 8. Lamba 316 tana da kuromiyam kashi 16 zuwa 18, nikel kashi 10 zuwa 14, sannan an ƙara mata molibdenam kashi 2 zuwa 3, kuma wannan ƙarin shi ne babban bambancin da kake biya wa kuɗi, domin shi ke taimaka wa ƙarfen jure hudar kuloraid. Gaskiya ne cewa wayar 304 takan ɗan ɗara 316 ƙarfin ja idan kaurinsu ɗaya, saboda ta fi taurara yayin da ake janta a masana'anta. Amma ƙarfin ranar farko ne wannan. Ga jirgin da ke zaune a ruwan gishiri mai ɗumi, inda zafi yake hanzarta cin ƙarfe, ni ba zan ba da shawarar 304 ba ko kaɗan. Idan ka ci karo da lambobin Turai, 1.4401 ita ce 316, 1.4404 ita ce 316L mai ƙarancin kabon, 1.4301 kuma ita ce 304. A kan kusoshi da notina za ka ga A4 a madadin dangin 316, A2 a madadin dangin 304.

Maganar maganaɗisu tana da ƙamshin gaskiya, amma ba hujja ba ce. Dukan lambobin biyu ba sa kama maganaɗisu idan ƙarfen yana a laushinsa, sai dai jan da ake yi wa waya a sanyi, ana zura ta ta ramuka masu ƙara ƙanƙanta, yana canza tsarin wani ɓangare na ƙarfen har ya riƙa ɗan jan maganaɗisu. A 304 abin ya fi yawa, a 316 ya fi sauƙi, shi ya sa idan maganaɗisu ya manne da ƙarfi akwai dalilin yin tambaya. Amma ɗan ja kaɗan ba ya nuna jabu, rashin ja kuma ba ya tabbatar da molibdenam, tunda akwai wasu nau'o'i masu arha da aka rage musu nikel aka cika da manganis, waɗanda su ma ba sa kama maganaɗisu, kuma sun fi 304 saurin lalacewa a gishiri.

Hanyar da ta fi inganci ita ce takarda. Ka nemi mai sayarwa ya ba ka takardar gwajin masana'anta irin ta 3.1 a ƙarƙashin ƙa'idar EN 10204. Wannan takarda tana nuna sakamakon gwajin ainihin rukunin kayan da aka sayar, da adadin kowane sinadari, da nauyin da ya tsinka wayar, da lambar narkin da aka zuba ƙarfen daga cikinsa, kuma jami'in binciken masana'antar da ba ya ƙarƙashin sashen ƙira ne yake sa mata hannu. Abu mafi muhimmanci shi ne lambar da ke kan takardar ta yi daidai da wadda ke manne a jikin nadin da za a yanko maka, domin takarda mai kyau da ba ta da alaƙa da wayar da ke gabanka ba ta amfana maka komai ba. Idan kuma kana son ka gani da idonka, ka yanki ɗan guntu ka kai wurin masu na'urar XRF ta hannu, wadda ake ɗora wa ƙarfe ta karanto sinadaransa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Masu binciken bututu da manyan dillalan tsoffin ƙarafa suna amfani da ita. Akwai kuma ruwan gwaji da ake ɗiga wa ƙarfe ya canza launi idan akwai molibdenam, kodayake shi ba ya faɗin adadi.

Mai Ɗaurin Jigo ya amsa:

Injiniya ya gama magana a kan ƙarfe, ba ni da abin ƙarawa sai ɗaya: a cikin wayoyin da suka tsinke aka kawo mini, da wuya in ga wadda ta rabu a tsakiya. Kusan kullum a baki ne, inda waya ta shiga kai, kuma na ƙasa ya fi na sama lalacewa, saboda ruwan gishiri yana bin murɗin wayar ya gangaro ya taru a cikinsa, na sama kuwa bakinsa yana kallon ƙasa, ruwa ba ya zama. Don haka, ɗana, idan ka kashe dukan ƙoƙarinka wajen neman waya ta gari sannan ka miƙa ta ga wanda injin matsinsa ya gaji, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

Ka fara da awo, domin kalmar "wajen milimita 6" da ka rubuta ita ta fi tayar mini da hankali. Akwai waya mai milimita 6 cif, akwai kuma mai rubu'in inci, wato milimita 6.35. Ido ba zai raba su ba, amma kan da aka ƙera don ɗaya ba ya riƙe ɗayar yadda ya kamata, kuma ta rubu'in inci ta fi ta milimita 6 yawan ƙarfe da kusan kashi 12 cikin 100, tunda ƙarfi yana bin faɗin yankan waya ne. Haka abin yake tsakanin 3/16 na inci da milimita 5, da tsakanin 3/8 da milimita 10. Ka samo ma'aunin kauri mai baki biyu, ka auna a inda wayar ta fi faɗi, daga ƙololuwar sili zuwa ƙololuwar na ɗaya gefen, ka juya ma'aunin kaɗan ka sake, a wurare daban-daban nesa da kai. Ka auna kaurin fil ɗin da ke ratsa idon kowane kai, domin rami mai faɗi a kan fil siriri yana tara nauyi a wuri guda.

Ginin 1x19 da kake da shi daidai ne ga wayoyin da ke tsaye: sili ɗaya a tsakiya, shida a kewaye da shi, sha biyu a waje. Ba ta da miƙewa sosai, fuskarta kuma santsi ne. Kada wani ya sayar maka da 7x19, wato mai murɗi bakwai kowane da sili 19, a madadinta don ya ce ta fi laushi. Ita ta wurin da waya ke bin gargare ce, kamar wayar sitiyari, ta fi miƙewa kuma ƙarfinta bai kai ba a kauri ɗaya.

Game da wurin saye, ni na fi son mutum ya sayi waya daga hannun wanda sana'arsa ke nan, wato shagon da ke ɗaurin jigo ko dillalin kayan jiragen ruwa da yake sayen nadi sukutum daga masana'anta kuma zai iya faɗa maka sunanta ba tare da in-ina ba. Masu wannan aiki sun san sunaye irin su KOS ta Koriya ta Kudu da Loos ta Amurka, akwai kuma masu ƙira na kirki a Turai. Ƙasar da aka yi waya ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko za a iya bin sawunta daga hannunka har zuwa tukunyar da aka narka ta. Mai sayarwar da ya ce maka bai san masana'antar ba, ko ya ce sirrin kasuwanci ne, ya riga ya ba ka amsa.

Idan wayar ta zo, kafin a yanka ta, ka warware 'yan mitoci a wuri mai haske. Ka ja farin tsumma a jikinta. Ɗan maiƙo ba laifi ba ne, amma kada tsumman ya maƙale a ko'ina. Silayen waje su kwanta lif da juna, ba wanda ya ɗago, ba giɓin da farce zai shiga, kuma ƙyallinsu ya zama iri ɗaya. Ka yanki guntu biyu, ka jiƙa su da ruwan gishiri ka ajiye a waje na wasu makonni. Idan ka ga sili guda ɗaya tak ya yi ja yana zagaye wayar, sauran suna fari, wannan alama ce cewa ko dai an gurɓata silin da ɓurɓushin baƙin ƙarfe a wurin ƙira, ko kuma ba daga narki ɗaya yake da 'yan'uwansa ba. Na farkon wani lokaci yana gogewa bai dawo ba, na biyun kuwa yana dawowa. Ni dai nadin da ya nuna haka ba na hawa da shi sama.

Sai kawunan. Kan matsi, idan an yi shi da inji mai kyau, yana fitowa a miƙe, kaurinsa bayan matsi ya yi daidai da jadawalin mai ƙirarsa, kuma duk ma'aikacin kirki zai auna a gabanka. Wanda ya fito a lanƙwashe, ko wanda aka yi ta maimaita masa matsi har ƙarfensa ya taurare, shi ne yake tsagewa a tsaye bayan 'yan shekaru. Akwai kuma kawunan da ake ɗaurawa da sifana, irin su Sta-Lok da Hi-MOD, inda ake warware silayen waje, a zura ɗan ƙarfe mai siffar mazurari a kan na tsakiya, a mayar da sha biyun a jere a kansa, sannan a ɗaure. Amfaninsu shi ne ana iya kwance su a duba ciki, kuma mutum zai iya gyarawa a inda babu inji. Da yawa daga cikinmu muna sa kan matsi a sama, na sifana a ƙasa, saboda dalilin ruwan da na ambata.

Tambayarka ta ƙarshe ba ta da wuya. Sili ɗaya da ya tsinke a baki yana nufin sauran sha takwas ɗin sun sha irin lanƙwasar da ya sha, kuma wayar ɗaya gefen tsararta ce. Tunda ba ka san shekarunsu ba, ka sauya duka, har da ta gaba da ke ɓoye cikin bututun naɗe filafili, wadda ita ce ba a gani kuma ita ce ta fi shan wahala. Kafin nan kada ka fita da jirgin cikin iska.

Matuƙiyar Nesa ta amsa:

Ina goyon bayan Baba a kan sauya duka, kuma akwai wani dalili na daban. Kamfanonin inshora da yawa suna tambayar shekarun wayoyin jigo, kuma shekara 10 ita ce iyakar da aka fi ambata, wasu ma'aikatan ma suna rage ta ga jiragen da ke wurare masu zafi. Saboda haka ka adana rasit da takardar gwajin, ka rubuta ranar da aka ɗaura, don kada wanda zai gaje ka a jirgin ya shiga halin da kake ciki.

Inda na ɗan saba da Injiniya shi ne kan 304. Jiragen da ke tafkunan ruwan daɗi a ƙasashe masu sanyi sun daɗe suna amfani da ita lafiya, don haka ba waya ce marar amfani ba, wurinta ne daban. Ga naka jirgin dai hukuncinsa ya tsaya.

Tunda za ka sauke jigon, ka duba farantan ƙarfen da wayoyin ke kamawa a jikin jirgi, musamman ɓangaren da ya ratsa daɓen jirgin, domin nan ma lungu ne marar iska, kuma farantin yakan yi ƙyalli a sama da ƙasa alhali tsakiyarsa ya cinye. Idan wayoyin shingen gefe, waɗanda ke tare mutum daga faɗawa ruwa, masu rigar roba ne, ka cire su. Ƙa'idojin tseren teku na hukumar World Sailing sun ce wayar shinge ta zama tsirara, saboda roba tana riƙe ruwa kuma tana ɓoye tsatsa. Za a iya kawo maka maganar wayar da aka danne silayenta, irin Dyform, wadda ta fi ƙarfi kuma ba ta kai ta gama-gari miƙewa ba, ko sandar ƙarfe ta Nitronic 50, ko igiyar zaren roba ta Dyneema. Duk suna da kyau a muhallinsu, amma kowace tana buƙatar nata kawunan, kuma ga jirgi mai mita 10 da ba tsere yake yi ba, ban ga abin da zai raba ka da 1x19 ba.

Sabon Matuƙi ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na auna kamar yadda ka ce, kuma wayoyin gefe sun nuna 6.35, ashe na inci ne. Na tuntuɓi masu sayarwa biyu. Na farko ya aiko da takarda mai lamba 2.2, babu lambar narki a jikinta, ya ce duk ɗaya ne. Na biyu ya faɗi sunan masana'antar, ya aiko da 3.1 tare da hoton alamar da ke jikin nadin, lambobin sun yi daidai, molibdenam kuma an rubuta ya ɗan haura kashi 2. Sai dai shi milimita 6 da 7 kawai yake da su. Wanne ya fi?

Injiniyan Ƙarfe ya amsa:

Ba ɗaya ba ne, Malam. Takardar 2.2 tana cewa ne masana'anta ta saba yin kaya masu irin wannan sakamako, bisa gwajin da ba lallai a kan naka rukunin aka yi shi ba. Ba ƙarya ba ce, amma ba ta ɗaure kowa a kan wayar da za ta riƙe jigonka ba. Molibdenam da ya ɗan haura kashi 2 yana cikin ƙa'idar 316, kuma haka za ka gani a yawancin takardu, tunda sinadari ne mai tsada kuma masana'antu suna tsayawa kusa da ƙasan iyaka. Gyaran da Malama ta yi mini a kan 304 na karɓa.

Mai Ɗaurin Jigo ya amsa:

Ka tsaya da na biyun, amma kada ka sauka zuwa milimita 6, domin ka rage ƙarfin da mai zanen jirgin ya lissafa ke nan. Ka fara tambayarsa ko zai iya samo maka rubu'in inci daga masana'antar da ya ambata. Idan bai samu ba, milimita 7 za ta yi, da sharaɗin ka duba cewa idon sababbin kawunan ya dace da fil ɗin da ke jikin jigo da na farantai, kuma ka kwatanta nauyin tsinkewa da ke kan takardarsa da na tsohuwar wayar, ba kauri kaɗai ba. Wuce haka ba dabara ba ce, saboda nauyi ne kake ƙarawa a sama, kuma waya mai kauri tana buƙatar ja mai yawa kafin ta ɗame, abin da zai koma kan farantai da jikin jirgin.

Ka sauya sukurorin ɗamewa tare da wayoyin, ka zaɓi masu jikin tagulla, domin idan ƙarfe marar tsatsa yana murɗawa a cikin irinsa ƙarƙashin nauyi yakan cije ya ƙi motsi. Kowace waya ta samu gaɓa mai juyawa a ƙasanta, ta gaba kuma sama da ƙasa, don kai ya riƙa bin layin ja maimakon wayar ta riƙa lanƙwasa a bakinsa. Kada a yanka ta da faifan da ya taɓa cin baƙin ƙarfe, kada a goge ta da burushin baƙin ƙarfe, kada bilic ya taɓa ta, kuma kada ka naɗe sukurorin da tef har iska ta kasa shiga.

Wajen ɗamewa, akan ja manyan wayoyin gefe zuwa kashi 15 cikin 100 na nauyin tsinkewarsu, wasu jiragen har 20. Idan ba ka da ma'aunin ja, akwai hanyar da kamfanin Seldén ya bayyana: ka manna ma'auni mai tsawon mita 2 a jikin wayar, samansa a ɗaure, ƙasansa a sake a daidai bakin kai, sannan ka riƙa ɗamewa kana auna giɓin da ke buɗewa. A wayar 1x19, kowace milimita 1 ta miƙewa a kan mita 2 daidai take da kashi 5 cikin 100, ko mene ne kaurin wayar, wato milimita 3 ke nan kake nema. Sabuwar waya takan ɗan saki bayan fitar farko saboda silayen suna zama a mazauninsu, don haka ka sake aunawa idan ka dawo, sannan ka sa filolin kulle a sukurorin.